Ƙaiƙayi a Aljihu

Shafi na 34

Wannan shafin na masu jinya a gida ne, waɗanda ake shigowa a duba mara lafiya a fita ba a ce musu sannu ba.

* * *

Tun kafin ya shiga zaure Malam Dallatu ya san yau ba lafiya. Babur ɗin Jamil ne jingine a gindin darbejiya, injinsa ko hucewa bai yi ba. Jamil yayan Rufaida ne, matar ɗansa Zaharaddini, kuma mai rumfar hatsi ba ya rufe rumfa ranar kasuwar Ɗambatta ya taho ƙauye don gaisuwa kawai.

Dallatu ya taɓa aljihunsa. Kwalin ashana yana nan, yana ƙara a duk taku. Shi ba mai shan taba ba ne. Sau uku yana niyyar jefar da shi a hanyar gona, sau uku yana fasawa.

Ya yi sallama.

Matarsa Kaltume na tsaye a bakin rumbu, ɗankwali ya zame mata har ƙeya. Jamil na zaune a kan turmi. Rufaida na durƙushe a ƙofar madafi da 'yarta Tahira a baya, kanta a ƙasa. Daga can ɗakin Zaharaddini kuwa murya ce ke tashi ba tsayawa, yana lissafa azuzuwan jami'ar da zai gina a bayan gari. Kwana uku ke nan bai runtsa ba.

"Yauwa Malam, gara da Allah ya kawo ka," in ji Kaltume. "Zo ka ji da kunnenka, kar a ce Kaltume ta ƙara gishiri."

Jamil ya sauko ya durƙusa, amma gaisuwar a bushe take.

"Baba, barka da gona."

"Barka kadai, Jamilu. Ya mahaifinku Alhaji?"

"Yana gaishe ka. Shi ya turo ni. Jiya Inna ta kira shi ta ce ƙanwata tana kashe mijinta da hannunta."

"Ni ban ce kashewa ba!" in ji Kaltume.

"To me kika ce, Inna?"

"Na ce tana ba shi abin da aka hana. Kuma ba ni na faɗa ba, likita ce, waya a buɗe kowa yana ji. Jinin nan da ake ɗiba a yatsansa kullum da safe a ɗiga a 'yar na'ura, likita ta ce kwana goma sha biyu ke nan lambar tana ƙasa. Ta ce hakan ba ya faruwa sai in hatsi ko sukari yana shiga cikinsa. To wa ke dafa masa? Ni? Ni da wata bakwai ko koko ba a bar ni na dama wa ɗan da na haifa ba?"

Ta faɗi haka idonta a kan Dallatu. Ya san dalili.

Shekara shida Zaharaddini yana fama da ciwon nan mai hawa da sauka, wanda likitoci ke kira baifola. In ya hau, ba barci ba zama, sai magana da manyan shirye-shirye. In ya sauka, sai ya yi wata a ɗaki ko labule ba ya ɗagawa. Maganin asibiti ya riƙe shi, amma ya kumbura shi har rigunansa suka daina shiga, sukarin jininsa ya fara hawa, koyarwar da yake yi a firamare ta gagara.

Sai likitarsa ta can Kano ta zaunar da su ta kawo maganar wani tsarin abinci da ake kira kito. Ba gero, ba dawa, ba masara, ba shinkafa. Ba rogo, ba dankali, ba sukari, ba zuma. Sai ƙwai, nama, kifi, man shanu da ganye, har jiki ya koma ƙona kitse maimakon sukari. Ta ce ana kan bincike, wasu marasa lafiya sun ji daɗinsa, wasu bai yi musu komai ba, kuma ba a yin sa sai likita na bibiya. Sannan ta ɗaga yatsa.

"Baba, ka ji ni da kyau. Abincin taimako ne. Ba ya maye gurbin magani. Ko ya ga ya fi kowa lafiya, ƙwaya ɗaya kar ya tsallake."

Dallatu ne ya dafa ƙirji a gabanta ya ce ya ɗauki wannan a wuyansa. Shi ne ya dawo ya tara gida ya kafa doka. Shi ne kuma, a watan farko, ya kama Kaltume da kwanon kunu a ƙarƙashin mayafi, ya karɓe ya sheƙar a tsakar gida a gaban maƙwabciyarsu Hure, ya ce wanda ya sake yi ya bar masa gida. Har yau in Kaltume ta zo wucewa ta wajen, kewayewa take yi.

Kuma abin ya yi kyau. Kumburin ya sauka. Yaron ya koma aji. Aka fara jin dariyarsa a zaure.

"Malam, ka yi shiru," in ji Kaltume.

"Ina ji."

"Gidan manomi, rumbu uku cike da gero, ɗana na cin ganye kamar akuya, na haƙura na ce lafiyarsa ake nema. Ashe wadda aka damƙa wa amanar ita ke warwarewa a bayan fage."

Jamil ya yi tsaki, sannan ya tuna a gaban wa yake, ya sassauta murya.

"Inna, a yi adalci. Yarinyar nan wata bakwai ta koma kamar mai shayi, suyar ƙwai safe da yamma. Zogale ta tsinka, kuɓewa ta yanka, ta dafa na gida ta dafa nasa daban. Ko bikin ƙanwarmu ba ta kwana ba saboda abincinsa. Yau ita ce mai laifi?"

"To ko gajiyar ce ta sa! Ko ta ga gara ya birkice a mayar da shi asibiti ta samu ta huta!"

Kafaɗun Rufaida suka motsa kamar an watsa mata ruwan sanyi. Ba ta ɗago ba.

Jamil ya juya wajenta.

"Ke, ki buɗe baki. Kin ba shi ko ba ki ba shi ba?"

"Ban ba shi ba, Yaya."

"To wa ya ba shi?"

Rufaida ta ƙara sunkuyar da kai.

"Rufaida, da ke nake!"

"Ka gani ko?" in ji Kaltume. "To ni ba na son dogon zance. Ga Alƙur'ani can a ɗaki. Ta yi alwala ta dafa, ta rantse ba ta ba shi ba, kuma ba ta san wanda ya ba shi ba. In ta rantse, ni zan durƙusa mata a gaban kowa."

A hankali Rufaida ta ce, "Inna, zan rantse ban ba shi ba."

"Da ɗayar fa?"

"Ɗayar ba zan rantse ba."

Dallatu ya kalle ta. Ya dafa bangon rumbu.

Rufaida ta sani.

Ya tuna ranar farko ta yankan gero. An yi hutun makaranta, Zaharaddini ya bi shi gona. Da rana ta take, 'yan ƙwadago suka hura wuta a gindin ɗorawa suka ɗora zangarniyar sabon gero, ƙamshin tumu ya cika wajen. Zaharaddini ya ciro 'yar robarsa ta dafaffen ƙwai da kwaɗon zogale, ya juya musu baya. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "A'a, malamin makaranta ya zama Bature, geron ubansa ma ya yi masa kaushi." Aka kwashe da dariya. Yaron ma ya yi dariyar. Amma Dallatu ya ga yadda maƙoshinsa ya motsa.

Zaharaddini ɗan fari ne. Shekara ashirin da tara Dallatu bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai "kai" ko "yaron nan". Bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, bai taɓa yabonsa a gaban idonsa ba. Haka ya tarar ana yi, haka ya yi. Abu ɗaya ne tsakaninsu. Tun yaron yana shekara biyar, duk kaka, in sun rage su biyu a gona, Dallatu zai gasa tumu ya murje a tafin hannu, ya hure ƙaiƙayin, ya zuba masa a hannu ba tare da ya ce komai ba. Duk abin da bakinsa bai iya faɗa ba, a nan yake faɗarsa.

Da 'yan ƙwadago suka koma aiki, sai ya tsinci kansa yana gyara wutar.

"Ungo."

"Baba, likita fa ta ce..."

"Ɗan wannan? Geron gonar ubanka ne, ba na kanti ba."

"Baba, in na ci lambar za ta sauka."

"Likita ta ga yadda ka koma? Dubi jikinka. Dubi yadda kake yankan gero ka bar ƙarti a baya. Kai, ka warke. Ni ubanka na ce ka warke."

Har yau yana ganin fuskar yaron a lokacin. Kamar wanda aka sauke wa buhu daga ka. Ya miƙo hannu biyu.

Washegari ma haka. Rana ta uku Bafulatana ta biyo da fura da nono, Dallatu ya ce a dama biyu, a sa sukari. Rana ta huɗu ya sayi ashana don kada su jira wutar kowa.

"Malam!"

Muryar Kaltume ta dawo da shi.

"Kai ne babba. Ta ce ta san wanda ya yi, ta ƙi faɗa. Ni a wajena mai ɓoyewa da mai yi duk ɗaya ne. Ka yanke."

"Kafin ka yanke, Baba," in ji Jamil, "ga saƙon Alhaji. Ya ce in an wanke ta, in gaishe ku in koma. In ba a wanke ta ba, in ɗauko ta. Kuma ya ce in ta fito yau, ta fito ke nan. Ba ya aurar da 'ya a mayar masa da ita mai cin amana."

Dallatu ya buɗe baki. Maganar tana nan a kan harshensa, kalma biyu ce tak. Ya kalli wajen da ya sheƙar da kunu. Ya ga kan Hure ya leƙo ta saman katanga ya koma. Ya tuna yadda ya tsaya a masallaci yana ba mutane labarin yadda ake riƙe doka a gidansa.

Sai ya ji bakinsa yana cewa, "To... a yi haƙuri. Ko za ta je ta ɗan huta kwana biyu, kafin ƙura ta lafa."

Jamil ya kalle shi ya daɗe.

"Shi ke nan, Baba. Na ji. Ke, tashi ki haɗa kayanki."

Rufaida ta miƙe ta shiga ɗaki. Suna jin Zaharaddini yana ce mata ta kalli zanen da ya yi a bango, nan ne ɗakin karatu, nan ne masallaci. Suna jin ta tana cewa, "Ya yi kyau, Abban Tahira. Zan je gida in dawo." Ta ɗan jima. Da ta fito da jakarta, fuskarta ta canza, amma ba wanda ya kula sai Dallatu.

Ta durƙusa gaban Kaltume.

"Inna, ƙwansa uku ne da safe, da man shanu ake soyawa. Miyar kuɓewa kar a sa mata gari don ta yi kauri, ko kaɗan ne. Gyaɗa cikin hannu ɗaya ta isa. Na'urar tana cikin gwangwanin kan taga, allurar sau ɗaya ake amfani da ita a yar. In ya ƙi ba da yatsa, kar a ja shi da faɗa, a bari ya gama maganarsa tukuna."

Kaltume ta kau da kai.

Sannan Rufaida ta matso ta durƙusa nesa kaɗan da Dallatu, kamar yadda ta saba tun ranar da aka kawo ta gidan, ba ta taɓa haɗa ido da shi ba. Ta ajiye wata riga a ninke a gabansa. Ta yi ƙasa da murya yadda shi kaɗai zai ji.

"Baba, ga rigarsa ta gona, na wanke. Aljihun dama ne yake tara ƙaiƙayi. A riƙa zazzagewa kafin Inna ta ɗauki wanki."

Ta miƙe ta bi bayan yayanta.

Dallatu ya tsaya yana kallon rigar.

Kwana goma sha biyu tana zazzage ƙonannen ƙaiƙayi daga aljihun mijinta. Ta san daga gonar wa ya fito. An zage ta, an kira ta mai cin amana, an kira ubanta a waya. Ga shi tana barin gidan, kuma abin da ya dame ta shi ne kar asirinsa ya tonu bayan ta tafi.

A waje babur ya tashi.

Bai san lokacin da ya ratsa zaure ba. Takalminsa ɗaya ya fita bai tsaya ba. Dattawa biyu na zaune a inuwar darbejiya, Rufaida ta riga ta hau, jaka a cinyarta.

"Jamilu! Kashe babur ɗin nan!"

"Baba, an gama magana ai."

"Na ce ka kashe!"

Injin ya mutu. Kaltume ta biyo shi har bakin zaure.

Dallatu ya sa hannu a aljihu ya ciro kwalin ashana ya jefa a ƙasa.

"Ni ne."

"Kai ne me, Malam?"

"Ni na ba shi. Tumu. Da fura. A gona, kullum, tun ranar da muka fara yanka. Yarinyar nan ba ta yi komai ba. Ni ne."

Dattawan nan suka sunkuyar da kai, ɗaya ya shiga jan carbi da sauri.

Kaltume ta dafa ƙirji.

"Kai? Kai da ka zubar mini da kunu a gaban Hure? Kai da ka ce wanda ya sake yi ya bar maka gida?"

"Ni."

"Kana tsaye ina zagin 'yar mutane? Kana tsaye na kira ubanta? Malam, da bakinka fa ka ce ta je ta huta!"

"Da bakina."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta zame ta zauna a dokin ƙofa. "Rufaida... 'yar nan... wayyo ni Kaltume, da wane ido zan kalle ki?"

Jamil ya waiwaya kan ƙanwarsa, ransa a ɓace fiye da ɗazu.

"Ke kin sani? Kin sani kika bari aka yi ta yarfa ki?"

"Yaya, da wane baki zan nuna surukina? A gaban matarsa? A gabanka?"

"Sai ki faɗa mini a waya!"

"Ka faɗa wa Alhaji, Alhaji ya kira shi, gari ya ɗauka. Na ce ko in yankan gero ya ƙare abin zai wuce da kansa." Muryarta ta karye. "Ni ma na yi laifi, Yaya. Da na faɗa wa likita tun ranar farko, da ba a kai nan ba."

Ta sauko daga babur ɗin. Ta kwance ƙullin da ke gefen mayafinta.

"Yanzu da na ja jakata daga ƙarƙashin gado na gan su. A bayan ƙafar gado yake zubawa."

Ƙwayoyin magani ne farare, duk sun jiƙe sun bushe, wasu sun manne da juna.

"A hannuna yake karɓa. A gabana yake sawa a baki ya kora da ruwa. Ashe a gefen kumatu yake ajiyewa."

Dallatu bai tambayi tun yaushe ba. Ya san ranar. Ya san inuwar da suke zaune, ya san kalmar da ya faɗa.

"Kira likitar nan yanzu," in ji Jamil. Fushin ya bar muryarsa. "Yanzu-yanzu."

Ta kira. Ta faɗi komai a tsaye a ƙofar gida, ba ta ambaci sunan kowa ba. Muryar likitar ta fito kowa yana ji.

"Maganar abinci ku ajiye ta gefe, wannan za mu gyara a hankali daga baya. Maganin ne abin tsoro. Kwana uku ba barci? Ku kawo mini shi yau, kafin la'asar. Kar ku ba shi komai da kanku, kar a ɗaure shi, kar a taru a kansa. A samu mutum ɗaya da yake jin maganarsa ya lallashe shi ya shiga mota."

Waya ta mutu.

"Bari in je bakin titi in samo mota," in ji Jamil.

"Ba zai shiga ba," in ji Rufaida. Har yanzu ƙasa take kallo. "Tun shekaranjiya abu ɗaya yake maimaitawa. Wai Babansa ya ce ya warke, kuma Babansa bai taɓa yi masa ƙarya ba. Ko likita ta zo da kanta ba zai saurare ta ba." Ta ɗan juya wajen Dallatu. "Baba, ka yi haƙuri. Wanda ya ɗaura shi zai kwance."

Dallatu ya juya ya shiga gida da takalmi ɗaya. Tsakar gidan da ya taka shekara arba'in, yau ta yi masa nisa kamar hanyar kasuwar Dawanau. Suna biye da shi a baya.

Ba su kai ƙofar ba labule ya ɗaga.

Zaharaddini na tsaye, idanunsa jajur, yatsunsa baƙi ƙirin da gawayin da yake zane da shi. Yana murmushi.

"Na ji ana maganar mota. Wa za a kai asibiti? Inna, ke ce ba lafiya? Baba, faɗa musu. Faɗa musu abin da ka faɗa mini a gindin ɗorawa. Ni na gaya musu sun ƙi yarda, sai kallona suke yi. Faɗa musu, Baba, ina da aiki, gobe za a fara haƙa tushe."

Ya miƙo hannu biyu a haɗe, kamar yadda yake yi in za a zuba masa tumu.

Dallatu ya kalli hannuwan. Ya ɗago ya dubi fuskarsa.

"Zaharaddini."

Kaltume ta toshe baki. Yaron ya ƙifta ido.

"Baba... sunana ka kira?"

"Zaharaddini, ba ka warke ba. Sauƙi ka samu, da magani da abincin da matarka ke yi maka. Ni na ɓata. Na ga kana juya baya kana cin abincinka kai kaɗai, zuciyata ta kasa ɗauka, na faɗa maka abin da nake so ya zama gaskiya. Ba likita ba ce ta faɗa. Ni ne. Ƙarya na yi maka."

Murmushin bai ɓace lokaci ɗaya ba. A hankali ya riƙa zamewa, kamar ruwa a kan yashi. Hannuwan suka sauka.

Ya ja da baya taku ɗaya. Ya ja na biyu.

Ƙofa ta rufu. Suka ji ƙarar sakata.

"Ɗan nan!" Kaltume ta yi kan ƙofar, Jamil ya tare ta.

"Inna, likita ta ce kar a taru."

Maganar da aka kwana uku ana ji ta tsaya cak. Shirun ya fi ta ban tsoro. Dallatu ya jingina goshinsa da ƙyauren, yana jin numfashin ɗansa ta ɗaya gefen.

Can aka ce, "Ina Rufaida? Ta tafi?"

Wayar Jamil ta fara ƙara a aljihu. Ya ciro ya duba, ya kalli ƙanwarsa.

"Alhaji ne. Me zan ce masa?"

Rufaida ta ajiye jakarta a ƙasa. Ta kwance goyon Tahira ta miƙa wa Kaltume.

"Ka ce masa an wanke ni. Sannan ka je ka samo motar."

Ta matso jikin ƙofa.

"Ga ni, Abban Tahira. Ban tafi ba. Buɗe mini."

Sakatar ta motsa, ta tsaya a rabi.

"Ke kaɗai."

"Ni kaɗai."

Muryar ta fito a sanyaye, kalma bayan kalma, kowa a tsakar gidan ya ji.

"To ki ce wa Malam Dallatu ya matsa daga ƙofata."